GA MABUƊINKA: TUN RAN GINI, RAN ZANE

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata,

A watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka yanke, Kano da Kaduna da Katsina da Bauchi da Gombe da maƙwabtansu sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Ɗalibi ya yi karatu da fitilar waya har ta mutu, mai niƙa ya rufe inji, mai walda ya naɗe hannu, ruwan famfo ya ɗauke. Kowa ya buɗe baki sai ya tsine wa NEPA, alhali kuwa hukumar da ke da wannan suna ta rasu tun 2005. Aka yi ta maganar ɓarayin waya da 'yan bindiga, kuma gaskiya ne suna da laifinsu. Amma kaɗan ne suka tambaya: me ya sa wutar da Arewa ke sha sai ta yi tafiyar ɗaruruwan mil kafin ta iso? Ina tashoshin da aka yi ta yi mana alkawarinsu tun iyayenmu suna 'yan makaranta?

Mu a ganinmu duhun nan ya faro ne daga kan tebur, a wani ofis mai sanyi, ranar da aka zauna za a yanke shawarar irin kwangilar da za a bayar. Wannan magana ce da aka saba ɓoye ta cikin Turancin lauyoyi da na injiniyoyi, don talaka ya ɗauka ta fi ƙarfinsa. Ba ta fi ƙarfinsa ba. Duk wanda ya taɓa gina ɗaki, ko ya ga ubansa ya gina, ya san kanta sarai.

HANYOYI UKU

Mutumin da ke da fili yana son gida, hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta farko, ya nemi mai zane ya zana masa gidan yadda yake so, kana ya kira magina su yi takara, ya zaɓi wanda ya fi, ya ba kafinta rufi, ya ba mai fenti nasa, shi kuma ya tsaya a kan aikin, ana aunawa yana biya. Wahala tana wuyansa, amma ya san adadin bulon da ya shiga kowane bango.

Ta biyu, ya ba mutum ɗaya jingar aikin baki ɗaya: zane da sayen kaya da gini, a kan kuɗi kaza, zuwa rana kaza. Shi dai ya zauna, ran da aka gama a miƙa masa mabuɗi. Wannan ce a takardun ma'aikatu ake taƙaitawa da EPC, mu kuwa muka raɗa mata suna kwangilar ga-mabuɗinka.

Ta uku, ya ce shi ba shi da kuɗi, wani ya zo ya gina da kuɗinsa, ya riƙa karɓar haya shekara ashirin ko talatin, sa'an nan ya mayar da gida ga mai fili. A takarda sunanta BOT, a ƙauye kuwa kowa ya san 'yar'uwarta, wato jinginar gona.

Haka abin yake a ginin tashar lantarki, sai dai kuɗin ya zama dala miliyan dubbai, kuma wanda zai biya bashin sau da yawa ba a ma haife shi ba. Babu wadda ta zama haram a cikin hanyoyin nan uku. Kowace da inda ta dace. Ƙararmu ita ce, shugabanninmu ba sa zaɓar hanya don ta dace da aikin; suna zaɓar wadda mai ba da rance ya shimfiɗa musu, ko wadda za ta fi saurin kai su ga bikin aza harsashi kafin zaɓe.

ABIN DA KAINJI TA KOYA MANA

Madatsar ruwa ta Kainji ta hanyar farko aka gina ta. An kafa Hukumar Madatsun Kwara a 1962 don ta zama mai aikin. Injiniyoyi masu ba da shawara daga Ingila da Holan suka yi bincike da zane, kamfanin Impregilo na Italiya ya ɗauki ginin, injinan kuma aka yi kwangilarsu dabam. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82 a 1964. Aka fara aiki a wannan shekara, aka gama a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ba mu ce aikin ba shi da tabo ba. An tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajen kakanninsu, tsohuwar Bussa ta nutse, kuma cikin gurabun injina 12 da aka tanada, 8 kaɗai aka cika, aka tsaya a megawat 760 maimakon 960. Kuma Turawa ne suka zana, Turawa suka gina. Amma akwai hukuma ta ƙasa wadda aikinta ke nan dare da rana, tana riƙe da zane, tana da ma'aikatan da suka ga yadda aka zuba kankare tun daga tushe. Bayan fiye da shekara hamsin, Kainji tana ba da wuta.

To, mu da muka ninka mutanen 1964 yawan injiniyoyi da jami'o'i ninkin ba ninki, yaya aka yi muka koma masu jiran mabuɗi?

HUJJAR MASU SON MABUƊI

Masu goyon bayan kwangilar ga-mabuɗinka suna da hujja, kuma ba za mu yi musu ƙarya ba. Sun ce kuɗi a yanke yake, rana a yanke take, in abu ya lalace mutum ɗaya za a kama, ba a riƙa nuna wa juna yatsa tsakanin mai zane da magini ba. Sun ce bankuna sun fi sakin kuɗi in sun ga irin wannan takarda. Duk wannan haka ne, a inda aikin ya zama sananne. Tashar iskar gas kusan kayan kanti ce: injin iri kaza, a kan fili mai faɗi kaza, an yi ɗaruruwan irinta a duniya, ɗan kwangila ya san abin da zai tarar.

Amma madatsar ruwa dabam ce. Rabin aikinta yana ƙarƙashin ƙasa, cikin dutsen da ba wanda ya ga cikinsa. Ɗan kwangilar da aka ce ya yanke kuɗi a kan abin da bai gani ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya lafta kuɗi mai yawa don ya kare kansa, mu biya ladan hatsarin da wataƙila ba zai auku ba, ko kuwa ya karya farashi ya sami aiki, in an yi nisa ya dawo da takardun neman ƙari, ya san ba mai iya korarsa rami yana buɗe. Ko ta ina aka bi, cinikin biri a sama ne.

Wannan ba ra'ayin ɗalibai masu zafin kai ba ne kawai. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, wadda ake amfani da tsarin kwangilolinta ko'ina, ta fitar da littattafai a 1999: ja domin aikin da mai shi ya zana, rawaya domin wanda ɗan kwangila zai zana ya kafa injina, na azurfa domin ga-mabuɗinka. Ita da kanta ta yi gargaɗi cewa na azurfa bai dace da aikin da ke da haƙa mai yawa a ƙarƙashin ƙasa ba, haka kuma bai dace ba in ba a ba masu takara isasshen lokaci su binciki wurin ba. Har ma a 2019 ta fitar da wani littafi na musamman domin ayyukan ƙarƙashin ƙasa. Masu tsarin sun ce hattara, mu masu aro mun rufe ido mun rungume.

Maganar rana a yanke kuwa, a tambayi Zungeru. Madatsa ce mai megawat 700 a kan kogin Kaduna, a Jihar Neja, kuɗinta wajen dala miliyan 1,300, kashi 75 cikin ɗari rance daga bankin Exim na ƙasar Sin, kamfanonin Sin kuma suka ɗauki aikin baki ɗaya. An ƙaddamar da ita a 2013, aka yi wa jama'a alkawarin gamawa kafin 2020, ba a gama ba sai 2023. Mun gode Allah da aka gama, don ta fi 'yan'uwanta da yawa. Amma a lura da abu guda: rancen da ɗan kwangilar tare suka zo, kamar tuwo da miya. Wanda ya ba ka bashi ya ce sai maginin garinsu, to, da wa za a yi takarar farashi? Ta yaya za ka san an yi maka sauƙi ko an yanke ka? Kuma da aka gama, sai aka miƙa tafiyar da ita ga wani kamfani mai zaman kansa. Ɗaliban injiniya nawa daga jami'o'inmu suka zauna a ɗakin da aka yi lissafin wannan madatsa? A fito da sunayensu mu gani, mu yi musu murna.

MAMBILA: TAKARDA TA HANA GINI

In ana neman misalin yadda zaɓen kwangila ke kashe aiki tun yana ciki, a hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Tun shekarun 1970 ake maganar wannan aiki. A 2003 wata takarda ta fita daga Ma'aikatar Lantarki tana ba kamfanin Sunrise aikin bisa tsarin jingina, wato ya gina, ya ci moriya, ya mayar. Daga baya shugaban ƙasa na lokacin ya fito ya ce shi bai amince da hakan ba. A 2017 gwamnati ta sauya hanya, ta sa hannu a kwangilar ga-mabuɗinka da wasu kamfanonin Sin uku, a kan dala miliyan 5,800 ko kusa da haka, domin megawat 3,050, da fatar bankin Exim zai ba da kashi 85 cikin ɗari. A shekarar nan dai kamfanin farko ya kai ƙara gaban masu sasanci a birnin Paris, yana neman diyyar fiye da dala miliyan 2,300. Mai ba da rance ya ga rigima ya riƙe jakarsa. A 2020 aka yi maganar sulhu a kan dala miliyan 200, ita ma ta zama wata sabuwar rigimar. A 2021 aka ce an rage aikin zuwa rabi. A watan Janairu na 2025 tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka ba da shaida a shari'ar.

Mu ba alƙalai ba ne, ba kuma za mu ce wane ne mai gaskiya ba. Abin da muka sani shi ne, fili ɗaya aka yi wa alkawari biyu ta hanyoyi biyu, lauyoyi sun ci, masu otal na Paris sun ci, mutumin Gembu kuwa ko megawat ɗaya bai gani ba. Kuma a tuna, Mambila aiki ne na madatsu da dogayen ramuka cikin dutse, wato ainihin irin aikin da aka yi gargaɗin kada a yanke masa kuɗi ido rufe.

Kusa da gida ma akwai tashar Kudenda a Kaduna, mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta a 2009, shekara goma suka shuɗe masaƙun Kakuri ba su ga wutarta ba.

JINGINA DA SHARAƊINTA

Wasu za su ce, to, a bar wa 'yan kasuwa mana, su gina da kuɗinsu. Mu dubi Azura, kusa da birnin Benin, mai megawat 461. An kammala haɗa kuɗinta a ƙarshen 2015, aka gama ta a 2018, kafin ma ranar da aka ɗiba. Wannan abin yabo ne, kuma ya nuna ga-mabuɗinka tana aiki in tashar gas ce, in kuma mai aikin ya san abin da yake so, yana tsaye a kan ɗan kwangilarsa. Amma ɗan kasuwa ba waliyyi ba ne. Sharaɗin da aka sa hannu a kai shi ne, muddin tashar a shirye take, sai an biya, ko layukanmu sun iya ɗaukar wutar ko ba su iya ba, kimanin dala miliyan 30 kowane wata, ga kuma lamunin Bankin Duniya a bayansa, wanda in aka kasa biya zai juye ya zama bashi a wuyan ƙasa. Laifin wa? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Laifin na wanda ya yi alkawarin sayen wuta da dala, yana sayar da ita da naira, bai kuma gyara layin da zai ɗauke ta ba.

KADA MU RUƊI KANMU

Akwai 'yan'uwanmu da za su ji wannan su ce magani shi ne a kori baƙi, a rarraba aikin, a ba 'yan ƙasa. Muna roƙonsu su yi haƙuri su ji misali biyu.

Na farko namu ne. Shirin tashoshin gas guda goma da aka fara a tsakiyar shekarun 2000 da rarar kuɗin man fetur, gwamnati ce ta sayi injina da kanta, ta rarraba sauran aikin. Wasu injinan suka yi shekaru a tashar jiragen ruwa suna jiran a shirya musu wuri, wasu tashoshin aka gama su babu isasshen gas. Rarraba aiki yana bukatar mai haɗa kansa. In babu shi, kafinta zai zo da rufi ba a tashi bango ba.

Na biyu na Habasha ne. Sun fara babbar madatsarsu a kan kogin Nilu a 2011, da kuɗin jama'arsu, ma'aikaci da manomi kowa ya sa hannu a aljihu. Suka ba kamfanin Salini na Italiya ginin, suka ba wani kamfanin sojansu, METEC, aikin injina, don kishin ƙasa. Shekara bakwai kamfanin bai tayar da inji ko ɗaya ba, sai da aka ƙwace aikin a 2018 aka ba waɗanda suka iya. An buɗe madatsar a watan Satumba na 2025, mai megawat fiye da 5,000, wato kwatankwacin abin da Nijeriya duka take rabawa mutum fiye da miliyan 200 a rana mai kyau. Darasi biyu ke nan: kishin ƙasa ba ya juya inji, amma wanda ya biya da kuɗinsa yana da bakin korar wanda ya kasa.

Saboda haka tushen maganar ɗaya ne. Babu irin kwangilar da za ta ceci mai aikin da bai san aikinsa ba. Jahilin mai gida, in ya rarraba aiki a sace masa siminti, in ya ba da jinga a rufe masa tsaga da fenti, in ya ba da jingina ya wayi gari ɗan haya a gidan ubansa.

ABIN DA MUKE NEMA

Wannan magana ta ƙara nauyi tun 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka kuma yi sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Teburin da a da yake Abuja kaɗai, yanzu yana iya zama a kowane gidan gwamnati. Dillalai masu jaka da hotunan injina ba za su yi nawar zuwa ba. In Tarayya da duk lauyoyinta ta faɗa ramin Mambila, ina ga jihar da injiniyoyin lantarkinta ba su cika mota ɗaya ba? Don haka muke neman abubuwa biyar.

Na farko, bincike kafin sa hannu. A auna ruwa, a huda dutse, a tabbatar da gas da layin ɗaukar wuta da wanda zai saya, a biya diyyar masu gonaki, da kuɗinmu, kafin a kira ɗan kwangila.

Na biyu, a zaɓi hanya bisa yanayin aiki, a kuma rubuta dalili. Tashar gas ko ta hasken rana, a ba da ita ga-mabuɗinka bayan takara. Madatsa da ramuka, a zana, a auna, a biya abin da aka tarar, injina kuma a yi musu kwangilarsu dabam.

Na uku, kowane aiki ya sami injiniyan mai aiki, wanda mu muke biya, mu yake yi wa biyayya. In dole sai an ɗauko baƙo, to, a ɗaura masa 'yan ƙasa a kowane tebur, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai an miƙa zane da lissafi da littattafan gyara, an ajiye kofi a jami'ar da ta fi kusa.

Na huɗu, takara a fili, kamar yadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanada. In mai rance ya ce sai kamfanin ƙasarsu, to, aƙalla kamfanonin ƙasar tasu su yi takara da juna, kuma wani mai zaman kansa ya duba farashin.

Na biyar, a buga kwangilar kowa ya karanta, har da Hausa da sauran harsunanmu. Bashin da jama'a za su biya ba shi da dalilin zama asiri.

GARE KU, MASU RIƘE DA FAYIL

Maganarmu ta ƙarshe gare ku ce, yayyenmu da kuka riga mu shiga ofis, da mu kanmu da za mu biyo ku gobe. Minista ba ya rubuta takarda, gwamna ba ya lissafi. Wani ƙaramin ma'aikaci ne ke tsara bayanin farko, ya ɗora fayil a kan tebur. Wata rana za a kira ɗayanmu da la'asar a ce baƙi suna masauki, jirginsu gobe ne, a shirya takarda yau. A ranar ne za a san ko karatun da talakawa suka biya mana ya yi amfani. Ba mu ce ka yi tawaye ba. Ɗauki alƙalami ka rubuta tambayoyi huɗu a cikin fayil, ka sa kwanan wata: Ina rahoton bincike? Su wa suka yi takara? In dutse ya ba da mamaki, wa zai biya? In baƙi sun tafi, wa zai kwance injin ya mayar? Mai yiwuwa a yi maka canjin wurin aiki. Amma tambayar tana nan cikin fayil, kuma takarda ba ta mantuwa. Shari'ar Paris ta isa shaida.

Mu kuma a nan makaranta, muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban injiniya da na shari'a da na tattalin arziki su haɗa kai su nemi takardun kowace tashar da jihohinmu ke shirin ginawa, a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayani ta 2011, su karanta, su fassara wa jama'a a dandali da gidajen rediyo. Wanda ya hana, a buga sunan ofishinsa a wannan mujalla.

Magabata sun ce tun ran gini, ran zane. An daɗe ana kiranmu ranar yanka kirtani mu yi tafi. Daga yau muna neman kujera a ranar zane.